Barcin La'asar

Jikata da ke aiki a asibiti ta zo gaishe ni kwanakin baya da jaririyarta. Muna hira yarinyar ta yi barci a kan tabarma, rana ta riga ta karkata, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida. Wata maƙwabciya ta shigo aron rariya, ta ga yarinyar, ta miƙa hannu za ta tashe ta. Jikata ta tare ta da murmushi. Ta ce likitoci sun daɗe suna bincike a kan barcin yara, sun gano a cikinsa ne ƙwaƙwalwar jariri take ginuwa, abin da ya gani da abin da ya ji yake samun wurin zama, kuma ƙwaƙwalwa ba ruwanta da hantsi ne ko la'asar. Maƙwabciya ta taɓe baki ta karɓi rariya ta fita. Ni kuwa maimakon in ji daɗi sai raina ya ɓaci, har na kasa cin tuwo. Jikata ta faɗi maganar nan a zaune, ƙafa a miƙe, babu wanda ya ce mata marar kunya. Ni na san abin da irinta ta ci mini.

An kai ni gidan miji a wani ƙauye tsakanin Gagarawa da Gumel, ni kuwa 'yar wajen Sule Tankarkar ce. Shekarun da gyaɗa ta fara daraja ke nan, tun da aka ce jirgin ƙasa ya iso Kano kowane magidanci ya ware mata gefen gona. Mijina yana da jakai. Da rani yana bin hanyar Maigatari ya ɗauko kanwa da gishiri, da kaka ya yi lodin gyaɗa ya yi kudu. Zamansa a gida bai kai tafiyarsa ba. Saboda haka aurena, in za a faɗi gaskiya, da uwarsa na yi shi.

Doguwar mace ce busasshiya, hannunta ba ya zama banza, in ba ta kaɗi tana gyaran danga ko tsinkar zogale. Ba zan yi mata ƙage don ta mutu ba. Ba ta da rowa, ba ta taɓa zagin iyayena ba, ranar da na kwanta zazzaɓi ita ta yi mini surfe. Duk da haka ban taɓa ƙin wani mahaluki kamar yadda na ƙi ta ba, kuma tsufa bai rage mini komai ba.

Mutum na huɗu a gidan shi ne wan mijina, ɗanta na fari. Ƙato ne mai gemu, amma hankalinsa na ɗan shekara huɗu ne. Yini yake a gindin kurnar tsakar gida yana tufkar igiya da kaba, in an ba shi abinci ya ci, in an manta ba zai tambaya ba. Kowa ya san labarinsa a ƙauyen. Yana ɗan shekara biyu ta kwantar da shi bayan la'asar ta tafi rijiya. Rijiyoyinmu zurfi gare su, kafin ta samu guga ta cika tulu rana ta faɗi. Ta dawo ta tarar da jikinsa kamar garwashi, wuya ya sanƙare, ido ya juye. Ya rayu, amma hankalin ya tsaya inda yake. Tun daga ranar ta yanke hukunci cewa barcin la'asar ne ya buɗe ƙofa iska ta shiga.

Ko a gidanmu ana faɗar haka. Uwata ma in ta ga yaro yana gyangyaɗi da yamma takan ce a tashe shi, ba a barci yanzu. A ɗan jijjiga shi, in ya ƙi a ƙyale shi a ci gaba da hira. A wurin uwar mijina kuwa abin yaƙi ne.

Na haihu da bazara a gidanmu, namiji, na gama wankan jego aka mayar da ni ana cikin shuka. Ɗan fari ne, kuma matan yanzu da ke sumbatar nasu a bainar jama'a ba za su gane abin da wannan yake nufi a lokacinmu ba. Ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa. In yana kuka a gaban mutane sai in ƙara himma a kan abin da nake yi kamar ban ji ba, sai wani ya ɗauko shi ya dangwara mini ya ce ba shi ya sha, in karɓa ina ɓata rai. In dole ta sa in ambace shi sai in ce yaron Inna, wato uwar mijina. Da wannan ake auna 'yar mutunci, ni kuwa an yi mini tarbiyya, har ina taƙama da ita. Inna ce mai ɗauka, ita ce mai wanka da rarrashi. Tana ce masa maigidana, tana tsokanarsa wai ya tare a gidanta bai kawo ko gishirin miya ba.

Shi kuwa yaron, Allah ya yi shi da nasa lokacin. Da safe ba ya wani barcin kirki, ɗan runtsawa ne ya farka. Amma da zarar liman ya kira la'asar sai ka ga idonsa ya yi nauyi, yana murza fuska a kafaɗar wanda ya riƙe shi, maɗigarsa tana bugawa a hankali. Nan take Inna za ta ajiye mazari. Da wasa take farawa, ta kira shi, ta yi masa cakulkuli a tafin ƙafa, ta hura masa iska a fuska. In ya ƙi, ta tsoma hannu a randa ta shafa masa ruwan sanyi a ƙeya. In ya sake langaɓewa ta jawo tasa ta ƙwanƙwasa da munduwarta dab da kunnensa. Sai ya zabura, hannuwa a sama, ya fasa ihu. Ita kuma ta yi dariya ta ce, "Yauwa maigidana, ido biyu. Ba za su same ka ba ina raye."

Ni ina gefe ina tsintar wake ko tankaɗe, kaina a sunkuye. Ƙarar tasar nan a cikin haƙorana nake jin ta. Wata rana na ciji leɓena har ya yi jini, ta lura, ta ce zafi ne ya yi mini yawa, in nemi tsamiya in jiƙa.

Haka za ta riƙe shi har a yi isha'i. Kafin nan barcin ya wuce shi, jikinsa ya ɗaure, in ya kama nono sai ya saki ya banƙare. In ya samu ya runtsa, motsin akuya ma tashinsa yake. Da safe in fito ido a kumbure, ta dube ni ta ce ai ga shi nan, suna zagayarsa, ba don tana tsaye a kansa ba da tuni sun gama da shi. Aka karɓo rubutu, ta rataya masa laya, aka yi masa hayaƙi har yana tari. Da damina ta yi tsakiya, hadari yana rufe rana ba a ganin inuwa, sai ta daina jiran liman, wai yakan makara. Ta mayar da tashin tun daga azahar don kada a yi kuskure.

Matar liman ta taɓa shigowa ta tarar da ita tana wannan aiki. Ta ce, "Iya, ai Malam ya ce ko da akwai magana a kan barcin yamma, manya ake nufi. Wannan ɗan tsurut ɗin me ya sani?" Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ki gaishe mini da Malam. Shi bai taɓa dawowa daga rijiya ya tarar da abin da na tarar ba." Sai na ji ɗan sa ran da ya taso mini ya koma.

Kafin gero ya fitar da kai yaro ya rame. Idonsa jajur, ƙasan idon ya yi baƙi, ba ya bin mutum da kallo, ba ya dariya. In an zaunar da shi sai ya ɓingire. Duk ta gefen ido nake gani, don ko kallonsa sosai ba na yi in da mutane. Daga baya a rayuwa na wanke jarirai ba iyaka a ƙauyen nan, har na kai ina gane wanda ya ƙoshi da barci tun daga bakin ƙofa, fatarsa da kukansa daban suke. A lokacin ban san komai ba sai dai cewa abin da nake gani ba lafiya ba ne.

Akwai wata Bafillatana da ke kawo mana nono daga rugarsu, ɗanta da nawa mako guda ne tsakaninsu. Kullum in ta shigo yana bayanta, kai ya langaɓe gefe, baki a buɗe, ko ina rana ta kai. Wata safiya Inna ta tafi barka a wata unguwa, matar ta sauke ƙwarya ta sauke ɗanta a tabarma. Sai ga yaro yana jan ciki yana bin kaji, yana ta surutunsa. Na dubi nawa da ke kwance yana kallon sama kamar ba ya ganin ta.

Na ce, "Ke ba kya tashinsa da la'asar?"

Ta ce, "In tashe shi ya yi mini me? Zai ɗaukar mini ƙwarya?"

Na ce, "Ba kya tsoron iska?"

Ta daɗe tana kallon nawa, sannan ta ce, "Ƙawa, mu ko maraƙi ba ma hana shi kwanciya. Wannan ba iska ke damunsa ba, barci yake ji."

Na ji kamar ta mare ni, don na sani tun kafin ta faɗa. Na sayi nono a wurinta fiye da wanda muke bukata don kawai ta tafi.

Da mijina ya dawo na jira ya ci ya sha, na durƙusa nesa kaɗan na ce, "Malam, yaron Inna ba ya samun barci." Ko wannan sai da na yi kwana biyu ina shirya ta a raina. Ya ɗago ya dube ni kamar na yi ashar. Ya ce, "Ke kika raine ni ko ita?" Sannan ya nuna gindin kurna da haɓa ya ce, "Kina son wani irin wancan a gidan nan?" Washegari ya ɗora wa jakansa mangala ya tafi. Mutumin da ke ratsa daji bai ji tsoron 'yan fashi ba, amma ba ya iya haɗa ido da uwarsa. Har yau ban yafe masa wannan ba.

Sai na koma sata. Na karɓe dakan yamma gaba ɗaya, na ce Inna ta huta. Da azahar ta wuce sai in ce ta kawo shi in goya, ai ba zai iya barci ba ana jijjiga shi. In ɗaure shi da majanyi, in ja zane in rufe kansa wai don ƙaiƙayi, in mirgina turmi zuwa bayan rumbu. Taɓarya uku ko huɗu sai in ji nauyinsa ya sauka a bayana, numfashinsa yana ɗumama mini tsakanin kafaɗu. In ta kira daga ɗaki ta ce, "Ido biyu yake?" sai in ce, "Ido biyu, Inna, ga shi yana ja mini kitso." Ko gero ya daku ba na tsayawa, in ci gaba da dukan turmi har hannuna ya yi kanta, don tsayawata ita ce farkawarsa. Kwana goma muna haka. A cikinsu ya fara kama nono da kyau, kuma wata safiya na ji shi yana gwaranci shi kaɗai. Inna ta ce layar ce ta fara aiki, na ce ita ce.

Ranar da asirina ya tonu muna sussukar sabon gero, matan maƙwabta huɗu sun shigo taya mu. Babu halin ɓuya a bayan rumbu. Na goya shi, na rufe kan, na juya bayana wajen danga. Abin da ban sani ba shi ne tsohuwa ba kai take dubawa ba. Ta ajiye faifai ta ce, "Tsaya." Na tsaya. Ta ce, "Ƙafar mai ido biyu ba ta lilo haka." Ta zagayo ta yaye zanen, ga shi nan kunci a manne da bayana, yawu yana zuba.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Ta sake tambaya.

"Na ce tun yaushe kike yi mini haka? Ni za ki yi wa wayo a gidana?"

Ta fizge majanyin ta zare shi daga bayana. Bai farka ba, gajiyar wata da watanni ce a jikinsa, kansa ya faɗa kan hannunta. Sai na ga fuskarta ta canza, tsoro ne tsagwaronsa. Ta shiga girgiza shi, kan yana gaba yana baya, tana kiran maigidana, maigidana. Ta ce a miƙo moɗa. Wata ta miƙo mata cike da ruwa, ta ɗaga za ta sheƙa masa a fuska.

Na kama wuyan hannunta. Ruwan ya zube a ƙafafunmu. Na ce, "Inna, ki bar mini ɗana ya yi barci."

Taɓare suka tsaya. Wata ta kama baki. Wata ta ce a hankali, "Ɗana ta ce?" Ta kusa da ita ta yi 'yar dariya ta toshe da gefen zane. Riƙe hannun bai dame su ba kamar kalmar. Ni kuwa tunda ta riga ta fita sai sauran suka biyo ta. Na ce, "Ɗana ne, ni na haife shi. Wata nawa kina hana shi barci, ki dube shi mana. Yaya zazzaɓi ne ya kama shi, ko a farke yake da ya kama shi. Ba za ki mayar mini da wannan irinsa da hannunki ba."

Ta ƙarshen nan mugunta ce, na sani, kuma da niyya na faɗe ta. Wanda ake magana a kansa yana gindin kurna, ya ɗago yana yi mana murmushi don ya ji an ce Yaya.

Ta dubi hannuna a kan nata har sai da na saki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "To. Ashe ɗanki ne." Ta sunkuya ta kwantar da shi a tabarma, ta gyara masa kai, ta kwance layar da ke wuyansa ta ƙulle a bakin zanenta. Ta ce, "Ga ɗanki nan. Abin da ya tashi da shi, ke da shi." Ta koma ta ɗauki faifai ta ci gaba da shiƙa. Matan suka ƙarasa da sauri suka fice, na san kafin rana ta faɗi labari ya kai bakin rijiya. Ya kai kuwa, har garinmu ya je, uwata ta aiko a tambaye ni ko na taɓu. Shekaru in na wuce da tulu sai in ji ana cewa ga uwar ɗana nan.

Na zauna kusa da tabarmar, a nan ne fa tsoro ya kama ni. Na yi magana kamar wadda ta sani, alhali me na sani? Maganar mai tallan nono da kwana goma na sata, su ke nan hujjata. Ita kuwa hujjarta tana zaune a gabana da gemu tana tufkar igiya. Yanzu na san yaron ya girma da hankalinsa garau, har ya sauke Alƙur'ani. A ranar ban sani ba. Inuwa ta ja ta haye rumbu, ina taɓa goshinsa, ina taɓa wuyansa ko ya sanƙare. Sau biyu na miƙa hannu zan tashe shi da kaina na janye. A wannan zaman na tsane ta fiye da kowane lokaci, don ta juye mini tsoronta ta koma gefe tana aikinta.

Ana kiran magariba ya motsa. Ya yi miƙa, ya yi hamma, ya buɗe ido. Na leƙa fuskarsa. Idon fari tas, jiki babu zafi. Kaza ta wuce ya bi ta da kallo har ta shige akurki. Sannan ya dube ni, ɗan kallo kaɗan irin wanda ake yi wa baƙo, ya kawar da kai yana nema. Ya hango Inna a bakin ɗakinta tana alwala. Sai ya washe baki da dariyar da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya miƙa mata hannu biyu.

Ta gan shi. Na ga ta gan shi, don butar ta tsaya a hannunta. Ta ƙarasa wanke ƙafa, ta shiga ɗaki ta saki asabari. Ba ta ƙara ɗaukarsa ba har ta koma ga Allah shekara huɗu bayan nan, ni kuma ban roƙe ta ba ko sau ɗaya.

Ya jira, hannu a sama, sannan ya fara kuka. Na ɗauke shi na sa a kafaɗa, na juya shi, na ba shi nono ya ƙi, yana ta banƙarewa wajen ƙofarta. Wata bakwai da haihuwarsa, ni uwarsa ban san yadda ake rarrashinsa ba, wadda ta sani kuma tana jin mu ta bayan asabari.